Zangon Dabbobi a Ajinmu na Daura, Daga Bazara Zuwa Damina

Litinin, 29 ga Afrilu, 2024

An dawo hutu. Manhajar ajin share fage ta ce a wannan zangon a koyar da dabbobin gida da na daji. Layi ɗaya ne tak, sauran ya rage wa malami. Abin da aka saba shi ne a tsaya gaban hoton nan da ke manne a bango, ana nunawa da tsumagiya yara suna amsawa da ƙarfi har a buga ƙararrawa. A hoton akwai wata farar dabba ta ƙasar ƙanƙara, akwai mai aljihu a ciki ta Ostareliya, akwai saniya dabbare-dabbare wadda ba ta da tozo. Babu jaki, babu zabuwa, babu raƙumi. A Daura fa, inda da wuya ka isa kasuwa ba ka kauce wa amalanke ba.

Na yanke shawarar bin wata hanya, kuma zan riƙa rubuta yadda take tafiya, ko wani malami ko malama zai ga abin ɗauka. Doka ɗaya muka kafa: ba ma cewa komai a kan dabba sai mun dube ta. Wadda ba mu da halin gani ta jira ƙarshen zango.

Yau tambaya kawai na yi: wace dabba ce ta kwana a gidanku jiya? Yara ne 'yan shekara biyar zuwa shida, sun haura sittin, kowa hannu sama. Allo ya cika da akuya, tunkiya, rago, kaza, zabi, tantabaru, agwagwa, jaki, mage, zomo, shanun huɗa. Wani daga baya ya ce kuɗin cizo. Aka kwashe da dariya, ni kuwa na rubuta, don ya fi kowa gaskiya.

Sunaye ba su ne matsalar yaran nan ba. Yaron da ya san bambancin bunsuru da taure, ko karsana da saniya, ba ya jiran in sanar da shi akuya. Abin da ba a taɓa nema a wurinsa ba shi ne ya tsaya ya duba da kyau, sannan ya faɗi abin da ya gani da bakinsa.

Alhamis, 2 ga Mayu

Baba maigadi ya jawo mana jar akuyarsa har ƙofar aji. "Malama, ki dai ja musu kunne kada su ja mata nata," in ji shi.

Kafin ya buɗe bakinta na tambaye su haƙoran gaba nawa ne a samanta. Masu cewa goma, masu cewa ɗari. Ɗan wani mahauci ya yi shiru yana murmushi, na ce masa ya riƙe abinsa tukuna. Da Baba ya ɗaga leɓen sama sai ajin ya yi tsit. Ko ɗaya babu, sai dasashi mai tauri. Takwas ɗin duk a ƙasa suke. Wata yarinya ta ce ai tsohuwa ce, sun zube. Ɗan mahaucin ya ce a'a, haka rago yake, haka sa yake, ko jariri ne. Yarinyar ba ta yarda ba, kuma na ji daɗin hakan. Na ce ta je gida ta duba tasu ta zo ta ba mu labari.

Mun duba ido. Baƙin idon akuya a kwance yake, ba zagayayye irin namu ba, abin da ke ba ta damar hango gefe da gefe alhali kanta na ƙasa tana kiwo. Mun duba ƙofato, tsagagge ne gida biyu. Na ɗan gaya musu cewa fatar irin wannan jar akuyar, ta Sakkwato da Maraɗi, ita ce majema suka daɗe suna jemewa fatake na ƙetara hamada da ita har ta kai Turai. Bai dame su ba. Hankalinsu na kan kashin da ta zuba a baranda, suna gardamar me ya sa nata ƙwaya-ƙwaya ne na saniya kuwa ba haka ba.

Buta da sabulu a bakin ƙofa, kowa ya wanke hannu. Wannan ya zama ƙa'ida duk ranar da aka taɓa dabba.

Litinin, 6 ga Mayu

Yarinyar ta dawo. Ta duba akuya uku da tunkiya ɗaya, har wata ta take mata ƙafa. Ta tsaya gaban aji ta ce duk babu. Daga nan aka shiga maganar tuƙa, wato abin da akuya ke taunawa da dare ba tare da an ba ta komai ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Sawu. Tun da safe na yayyafa ruwa a rairayin bayan aji na share da tsintsiya. Muka kora kaza ta bi ta kai, sai akuya, sai jakin mai kawo ruwa. Kaza yatsu uku gaba, ɗaya baya. Akuya tsagi biyu. Jaki dunƙule guda. Kowane yaro ya zaɓi sawu ɗaya ya zana da gawayi a bayan kwali.

Na kare da na mage ba mu samu a makaranta ba, aka ba da aikin gida. Abin da nake so su gano da kansu shi ne a sawun kare ana ganin farce, a na mage ba a gani, don tana janye nata ciki in tana tafiya. Na raƙumi kuma na ce duk wanda ubansa zai je Mai'aduwa ranar Lahadi ya roƙa a tafi da shi, ya duba ƙasa a wajen kara.

Wasan da ya fito daga wannan darasin ba ni na ƙirƙiro shi ba. Da tara, wasu suka riƙa yin sawun ƙarya da yatsu a ƙasa, sauran suna cankar na wace dabba ce.

Talata, 14 ga Mayu

Shamuwa ta iso. Yaran ne suka riga ni gani, a kan dogon bishiyar da ke bayan katangar makaranta. Muka fita muka zauna nesa kaɗan. Bayanta baƙi, cikinta fari, ƙafafu dogaye, tana ta jigilar tsinke.

Kowa a nan ya san zuwanta alamar damina ta ƙarato, shi ya sa ba a jifanta. Abin da yara ba su taɓa tambaya ba shi ne ina take zuwa in ta ɓace. A nan yankinmu take sheƙa ta ƙyanƙyashe. In ruwa ya ɗauke wajen Oktoba sai ta bi shi kudu, ta ƙetare tsakiyar Afirka zuwa gabashi da kudancinta, inda a lokacin nasu ruwan ke sauka, fara da tsutsa suna yawa. Na zana Afirka a ƙasa da kara, na sa dutse a inda muke, yara suka yi ta tashi daga Daura suna sauka a gindin zanen da hannuwa a buɗe.

Mun manna kwali a bango mun sa masa suna kalandar shamuwa. Kowace safiya yaro ɗaya zai leƙa ya zo ya faɗi abin da ya gani, in rubuta da kalmominsa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Zafi ya yi yawa, kwanon rufin ajin ba ya zaunuwa. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a gindin bishiya, shi ke nan.

Laraba, 22 ga Mayu

Yumɓu daga wurin masu ginin tukwane, ƙaya don ƙaho, kara don ƙafa. Na ce kowa ya gina saniya. Ban nuna musu yadda ake yi ba, don wannan wasa ne da iyayensu maza suka yi a bakin tafki.

Akwai wani yaro ɗan Fulani da ke zuwa daga ruga a bayan gari. Tun farkon shekara da wuya ka ji muryarsa, Hausarsa ba ta gama zama ba, kuma in ana karatun baƙaƙe yana can ƙarshen benci. Yau ya gina shanu biyu. Ɗaya ƙahonta matsakaici, ya shafa mata toka ta yi fari. Ɗayar ƙaho dogo mai lanƙwasa, ya shafa mata jar ƙasa. Na tambaye shi, ya ce wannan Bunaji ce, wannan Rahaji. Ya ƙara da cewa jar ta fi jure tafiya, kuma ba ta yarda da baƙo. Yaran gari suka yanyame shi kowa na so ya gyara masa tozo. Har aka tashi bakinsa bai rufe ba.

Wannan ne ya sa ba na yarda da masu auna ƙoƙarin yaro da ƙarfin muryarsa a wajen amshi. Ilimin da yaron nan ke ɗauke da shi a kan shanu ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma a takardar sakamakon zangon jiya yana cikin na ƙarshe.

Talata, 28 ga Mayu

Kazar Baba maigadi ta yi kwanci, ya yarda a sa mata ƙwai a akurkin da ke bayan ɗakinsa. Shirina shi ne a haɗa na kaza da na zabi rana ɗaya, yara su ga wanda zai riga fita. Kakar wata ɗalibata da ta kawo mana ƙwan zabin ta ce, "'Yar nan, in kika yi haka asarar ƙwai za ki yi. Ranar da 'ya'yanta suka fito za ta tashi ta bar na zabin su huce." Na kaza kwana 21 yake yi, na zabi 26 zuwa 28. Dabarar da mata suka sani tun da can ita ce a fara sa na zabin, bayan mako guda a ƙara na kazar, sai su fito tare. Na ce, "Inna, yadda kika ce haka za a yi."

Yau an sa na zabi shida. Yara sun riƙe ɗaya-ɗaya kafin a sa: ya fi na kaza ƙanƙanta, ya fi tsini, ɓawonsa ya fi tauri, da ɗigo-ɗigo. Mun jera duwatsu 28 a kan taga, kullum a cire ɗaya. Lissafin ragewa ya shigo ta nan ba tare da kowa ya ji an ce lissafi ba.

Talata, 4 ga Yuni

An ƙara na kaza huɗu. Duwatsu saura 21.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na kama wasu manyan aji uku suna harbin ƙadangaru da danƙo, 'yan ajina na tsaye suna musu kirari. Maimakon faɗa, na jera nawa gaban katanga na ce kowa ya zaɓi ƙadangare ɗaya ya kalle shi ba magana har in tafa. Yaro ɗan shekara biyar ya yi shiru na minti biyu ba ƙaramin aiki ba ne, amma sun yi. Suka ga jan gwada yana gyaɗa kai yana korar wani namijin daga wurinsa. Suka ga wata tana lasar tururuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ga mai guntuwar wutsiya da sabuwa ta fara tsirowa.

Na roƙi malamin addini ya shigo ya yi musu minti biyar. Ya ba su hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Tun daga ranar akwai tsohon kwano da ruwa a gindin katanga, kuma ana rigimar wa zai cika shi.

Talata, 11 ga Yuni

Gari ya cika da raguna, babu amfanin yin wani darasi daban. Mun leƙa wurin wani mai kiwon turke kusa da makaranta. Uda, rabin gaba baƙi ko ja, rabin baya fari, kunne zaro-zaro. Balami fari tas, ƙato, hanci a gantsare. Ɗan ƙasa, ƙarami, da baƙi a ido da baki. Mai ragunan ya nuna musu yadda masu saye ke buɗe baki su ƙiyasta shekaru: in manyan haƙora biyu sun fito a tsakiya sun ture na nono, ragon ya haura shekara.

Mun haska ƙwan zabi da tocila a cikin ɗakin Baba. Biyar akwai jijiyoyi da wani duhu mai motsi. Ɗaya fayau, aka cire shi kafin ya zama baragurbi.

Aikin Sallah: ranar layya kowa ya tsaya kusa da masu gyaran kayan ciki, ya roƙa a nuna masa tumbi.

Alhamis, 20 ga Yuni

Sallah ta kama Lahadi 16 ga wata, yau ne ajin ya cika sosai. Rabin farko duk labarin dawakan hawan Magajiya ne, ban hana ba, na dai ce duk mai ba da labarin doki sai ya faɗi launinsa da yadda ƙofatonsa yake.

Sai tumbi. Da yawa sun ga cewa cikin rago ba jaka ɗaya ba ce, ɗaki huɗu ne, kuma kowane da irin shimfiɗarsa. Wata ta ce ɗaya kamar saƙar zuma yake. Na haɗa musu da tuƙar da muka yi magana a watan jiya: dabbar na haɗiye ciyawa da sauri, ta ajiye a babban ɗakin, in ta kwanta ta dawo da ita baki ta sake taunawa.

Amma abin da ya mamaye ajin daban ne. Yara da dama sun ce an ciro leda a cikin dabbar gidansu, wani ya ce dunƙule guda har da igiya. Ɗan mahaucin ya ce ai kullum babansa na cirowa, musamman a awakin da ke yawo a bola. Leda ba ta narkewa. Tana taruwa ta cushe tumbi, dabba ta riƙa ramewa ciki na kumbura, mai ita yana ta sayen magani a banza. Ban shirya wannan darasin ba, amma ya fi duk wanda na shirya shiga jikinsu. Kafin a tashi sun tsince ledar ruwa da ta alawa da ke filin makaranta, buhu ya kusa cika, ba wanda ya ce musu tsabta ake koyarwa.

Talata, 25 ga Yuni

Dutse na ƙarshe. Jiya da yamma 'yan zabi biyu suka fito, yau da safe sauran da 'yan tsakin. Na zabi huɗu, na kaza huɗu, ɗaya ya mutu a cikin ɓawo. Na shigar da yara biyar-biyar. Sun ga ɗaya yana fasa ɓawo daga ciki, jiƙe sharkaf, ba kyan gani, bayan awa ɗaya kuma ya bushe ya zama abin sha'awa. 'Yan zabin da zane a ka da baya, kuma sun fi 'yan tsakin rawar ƙafa. Kazar ba ta bambanta ba, duk ta tattara su ƙarƙashinta.

Wanda ya mutu ban ɓoye shi ba. Sun tambaya, na ce wani lokaci haka Allah ke yi, ba kowane ƙwai ke fita ba. Baba ya binne shi a bayan akurki.

Kakar da ta kawo ƙwan ta aiko a gaya mana kada a bar 'yan zabin su shiga raɓa ko ruwan sama, sanyi ke kashe su.

Litinin, 1 ga Yuli

An yi ruwa mai ƙarfi, kududdufin bayan makaranta ya cika, kwaɗi sun hana unguwa barci. Mun ɗebo ƙwansu, baƙaƙen ɗigo a jere cikin dogon zare mai yauƙi, muka zuba a roba da ruwan wurin da ɗan gansakuka.

Shugaban makaranta ya leƙo ya ce, "Malama, kiwon sauro za ki yi mana a aji?" Maganarsa a kan hanya take. Na rufe robar da yankin tsohon gidan sauro. Sannan na ɗebo ruwan wata tsohuwar taya a kwalba, na ɗaure bakinta da ƙyalle, don su ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, suna hawowa saman ruwa shaƙar iska. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi mako ɗaya zuwa kwana goma ba a irin wannan ɗumin. Yaran nan duk sun san maganin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba ƙannensu kowane wata da damina, amma ba wanda ya taɓa haɗa shi da ruwan da ke kwance a fasasshen tulun bayan ɗaki.

Juma'a, 5 ga Yuli

Ƙirgan ƙafa. Fara, tururuwa, ƙuda, malam-buɗe-littafi, duk shida. Gizo-gizo takwas. Kunama takwas, matacciya Baba ya kawo a kwalba. An yi gardama a kan hannayenta masu matsewa, ko a ƙirga su ko a bari. Na bar su suka yi ta yi, sannan muka tsaya a kan waɗanda take takawa da su.

Laraba, 10 ga Yuli

Mun je rijiyar Kusugu, da iyaye mata uku da suka taimaka da riƙon layi. Yawancin yaran a garin aka haife su amma ba su taɓa leƙa ta ba. Mai kula da wurin ya ba su labarin yadda aka gada: macijin da ake kira Sarki, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, da yadda Bayajidda ya sare kan macijin, har Daurama ta aure shi. Kowa ya kurɓi ruwan.

A hanyar dawowa wani ya tambaye ni, "Anti, to me macijin yake ci a cikin rijiya daga Juma'a zuwa Juma'a?" Kafin in buɗe baki wata ta ce kwaɗi mana. Wata biyu da suka wuce ba na jin wani a ajin zai yi wa labari irin wannan tambayar.

Da yake damina ce, ciyawa ta tashi, na yi amfani da damar. Maciji na cikin dabbobin da dokar ajinmu ba ta hau kansu ba, ba a matsawa a duba. Ba a sa hannu a rami, ko ƙarƙashin dutse, ko cikin tarin kara. Ba a fita da dare ba takalmi ba fitila. Kububuwa ƙarama ce, launin ƙasa gare ta, amma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a arewacin Najeriya, har a Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti na musamman saboda saran maciji. In ya sari wani, a kira babba, a tafi asibiti, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wurin tamau. Mun yi shi a wasa: ɗaya ya faɗi, ɗaya ya ruga kiran babba, sauran su hana shi tashi ya yi gudu.

Haka cizon kare. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, sannan asibiti don allura, ko da ciwon ƙarami ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan huɗu cikin goma na waɗanda ciwon haukan kare ke kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wannan ɓangaren na rubuta a takarda kowa ya kai gida, don iyayen ne za su yanke shawara in abin ya faru.

Litinin, 15 ga Yuli

'Ya'yan kwaɗi sun fitar da ƙafafun baya. Sauron kwalba sun tashi tun makon jiya, ba mu sake su ba.

Wani uba ya zo da ƙorafi, cikin mutunci. Ya ce ɗan maƙwabcinsa da ke makarantar kuɗi yana jero sunan dabbobi ashirin da Turanci, nasa kuwa sai labarin kashin akuya yake kawo masa. Na ce, "Alhaji, kira shi ka tambaye shi me ya sa ba a haɗa ƙwan zabi da na kaza rana ɗaya." Yaron ya yi bayani tiryan-tiryan, da kwanakin da dalilin. Uban ya yi dariya ya ce shi kansa bai san kwanakin ba. Na nuna masa cewa kowace Juma'a muna ɗaukar dabbobin da muka riga muka duba mu ba su sunayensu na Turanci, kuma suna zama, don akwai abin da za su rataya a kai. Gwamnatin tarayya ma a ƙarshen 2022 ta amince a riƙa koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ko da yake littattafan da za a yi hakan da su ba su iso ajina ba. Ya tafi bai gamsu duka ba. Yana so a ƙara Turancin, kuma zan ƙara.

Alhamis, 18 ga Yuli

Yanzu ne muka zo kan waɗanda ba mu da halin gani. Aikin gidan shi ne kowa ya tambayi kakansa wace dabba ce yake gani da yana yaro wadda yanzu babu. Amsoshi: kura tana shigowa bayan gari da dare, barewa, dila, gauraka. Wadda ta fi maimaituwa ita ce ungulu.

Na tambayi ajin wa ya taɓa ganin ungulu. Hannu biyu, ɗaya ma da na bincika shirwa yake nufi. Ni da na tashi ina ganinsu jere a kan rufin kwata da bishiyoyin kasuwa, abin ya tsaya mini. Muna cewa ungulu ba ta jewar banza, ga yara sun taso ba su san kamanninta ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan ta cikin gari a jerin halittun da ke gab da ƙarewa. Masu kama ta suna sayar da kai da sassan jikinta don tsibbu sun yi mata illa, haka gubar da ake sa wa mushe. Aikinta kuwa kwashe mushe ne kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Ɗan mahaucin ya ce yanzu karnuka ne ke cin abin da aka zubar a kwata.

Sai raƙumin dawa da giwa, muka ɗauko igiya. Na auna mita biyar a ƙasa, tsawon babban raƙumin dawa, yara suka kwanta kai da ƙafa, sai da biyar suka jeru. Na gaya musu akwai su a Nijar, wajen Kure kusa da Yamai, waɗanda a 1996 ba su wuce kamar 50 ba, da aka tsare su kuma yanzu sun kai ɗaruruwa. Giwa duk sun san ta daga Alam tara kaifa, suka karanto surar baki ɗaya. Akwai sauranta a Yankari ta jihar Bauchi. Cikinta wata 22 ne, na akuya biyar, na saniya tara. Wata ta ƙirga a yatsu ta ce kafin giwa ta haihu sau ɗaya akuyarsu ta cika gida.

Laraba, 24 ga Yuli

Gwajin ƙarshen zango. Na zuba dabbobin yumɓun da suka gina a buhu, kowa ya zura hannu ya ciro ɗaya, ya faɗi abu uku da ya gani da idonsa a kan wannan dabbar. Ba a karɓar "tana da kyau". Mafi yawa sun kawo ukun, wasu sai na tsayar da su. Kaɗan sun tsaya a ɗaya, kuma su ne dai masu yawan fashi, waɗanda ake tafiya da su gona tun da ruwa ya zauna. Yaron nan na ruga, jaki ya ciro, ya ce ƙofatonsa ɗaya, ba ya tuƙa, kuma yana da haƙoran sama. Na ƙarshen ba mu taɓa dubawa a aji ba.

Kwaɗin sun zama kwaɗi, wutsiya ta shanye, mun mayar da su kududdufi. 'Yan shamuwa sun fara tsayuwa a bakin sheƙa suna gwada fiffike. Tafiyarsu za ta zo lokacin da yaran nan suke aji ɗaya, don haka na miƙa kalandar ga malamin da zai karɓe su. Ya karɓa, ya kuma tambayi inda nake samo yumɓu.

Saura rabon kaji. 'Yan zabi uku ne suka rayu, shirwa ta ɗauke ɗaya. Kakar ta ce ƙwanta ne, Baba ya ce kazarsa ce ta yi wahala, kuma geron da suka ci nasa ne. An tsaya a kan ɗaya nata, biyu nasa, ni kuma in biya tiya guda ta gero kafin ranar hutu.